Ragon Suna a Farin Ruwa

Ina so a rubuta a ajiye tun yanzu: lissafina daidai yake, rago ne ya ɓata shi.

Matar ƙanena ce ta haihu a Jos, ɗan fari, aka yanke shawara a gida Keffi cewa ragon suna daga garken Baffa zai fito. Ana gobe suna muka cusa shi a bayan Sienna, aka shimfiɗa masa buhu, aka watsa masa harawa. Ni ne direba. Baffa na gaba da carbi da babbar rigar shadda da ta sha bugu. Goggo na baya ta rungume bokitin cincin da dubulan, gefenta kuma autanmu, wanda aka ɗauko musamman don riƙon igiya. Watan Agusta ne, marka ta zauna daram.

Hanyar kowa ya san ta: Akwanga, Gwantu, Forest, ka hau Hawan Kibo, sai Riyom, sai Bukuru. Amma a Akwanga akwai wata hanya da ke ɓallewa ta nufi Wamba, kuma na daɗe ina yi mata kallon sha'awa. Bayan Wamba, daf da iyakar Nasarawa da Filato, nan Farin Ruwa yake, inda kogi ke sulluɓowa daga tsaunukan Jos ya faɗo ƙasa. Tudun Jos ya haura mita 1,200 a sama da teku, shi ya sa duk kogin da ya tashi barinsa sai ya yi tsalle: Assop, Kurra, Matsirga, duk 'yan gida ɗaya ne. Farin Ruwa ne dai babban wansu, kuma shi ne wanda mutane suka fi ji a baki ba tare da sun taka ba.

Da muka tsaya sayen gasasshiyar masara a Akwanga na gabatar da buƙata cikin ladabi.

"Baffa, kun san akwai magangarar ruwa nan kusa da ta kai mita 150? Ta Biktoriya da Turawa ke biyan dala su gani tsakanin Zambiya da Zimbabuwe mita 108 ce. Gurara da ake ta zuzutawa ba ta wuce 30 ba."

"Ruwan sha ne?"

"A'a, Baffa."

"Ana ban ruwa da shi?"

"Kallo ake yi."

"To me yake yi da ake kallonsa?"

"Faɗowa yake."

Baffa ya nuna gilashin mota da bakin carbi. "Tun asuba ruwa ke faɗowa a kan motar nan. Wa ya ƙona mai ya zo kallo?"

Goggo ta ce in dai ruwa mai faɗowa nake marmari, ga Assop can a bakin titi kafin Hawan Kibo, a rage gudu in leƙa ta taga. Auta bai da ƙuri'a, amma idonsa na wurina. Na ce gani ya kori ji. Baffa ya ce shi bai ma ji ba balle ya nemi gani, kuma doka ɗaya ce: magariba ba ta samunmu a Hawan Kibo. Magana ta mutu, har na sa makulli.

Mai masara ce ta tashe ta. Tana miƙo canji ta ce, "Gara da kuka hana, Alhaji. Wurin ba na dattawa ba ne, akwai hawa."

Wanda bai san Baffa ba ba zai gane girman abin da matar nan ta aikata ba. Mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana kora shanu a ƙafa daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma babu taron da yake tashi bai ba da labarin ba. Ya dube ta, ya dubi masarar, ya gyara zaman hula.

"Kai, karya kan motar nan."

Taswirar waya ta ce daga Wamba kilomita 30 ne ko kusa da haka, kuma ba ƙarya ta yi ba. Abin da ba ta faɗa ba shi ne rikicin da ke cikin sha'anin wurin. Da rani hanya lafiya lau, amma ruwan ya ƙanƙance, ka sha tafiya ka tarar da dutse yana zufa. Da damina ruwan ya cika ya batse, amma ruwan saman da ya cika shi shi ne ya cinye hanyar. Lokacin da wurin ya cancanci zuwa, lokacin ne ba ya zuwuwa. Kwalta ta ƙare, burji ya karɓa, burji ya ƙare, sai wani jan taɓo mai santsi da mota ke tafiya a kansa a karkace. Duk wanda muka tambaya amsa ɗaya ce, da Hausarsu mai daɗi ta mutanen yankin: "Kun ma iso, bayan wancan dutsen ne." Ban zargi kowa ba. Duwatsun ne da yawa.

A bakin wani ƙauye Sienna ta kafe har cikinta. Samari suka fito suka kewaye ta suna ba da shawara, 'yan acaɓa suka ce daga nan sai babur, daga inda babur ya tsaya kuma sai ƙafa. Goggo ta ce ita da bokitinta ba inda za su. A nan batun rago ya taso. A bar shi cikin mota a rufe, zai galabaita. A ɗaure shi a waje, Baffa ya ce ragon suna amana ne, ba a barin amana a hannun wanda ba a san sunan ubansa ba. Na ce ai Goggo na nan. Goggo ta ce ita cincin aka damƙa mata.

Haka aka yi jerin gwano. Babur na farko Baffa, ya naɗe riga a kafaɗa yana salati. Na biyu ni. Na uku auta, da rago kwance a cinyarsa, ƙafafu a ɗaure, yana kuka duk lokacin da aka faɗa rami, wato bai yi shiru ba.

Inda babura suka tsaya wani saurayi ya shige gaba ya zama ɗan jagora. Muka kwance ragon, muka shiga ciyawa mai kai wa ƙirji. A rafi na farko rago ya turje. Auta na ja, ni ina turawa, Baffa na ba da umarni daga kan wani dutse, har santsi ya kwashe shi ya zauna cikin ruwa da shaddarsa. Da ya miƙe, takalmi ƙafa ɗaya ya riga ya kama hanyar Binuwai. Na buɗe baki zan ce sannu, ya ce in na kuskura sai ya saɓa mini. A rafi na biyu ragon ya canza ra'ayi gaba ɗaya: ya fizge igiya, ya tsallake, ya kama hawa a guje. Daga nan ba wanda ya sake maganar kallo. Farautar ragon suna muke, Baffa a gaba da takalmi ɗaya, yana ɗingishi amma wallahi ya fi mu sauri. Mai masara ba ta san da wa take magana ba.

Ƙarar muka fara ji, wani rugugi da ke shiga ta tafin ƙafa. Sai iska mai sanyi ɗauke da feshi. Da muka zagaye wani dutse sai ga shi, kamar an warware farin rawani daga ƙolin tsauni har ƙasa, yana dukan duwatsu hawa-hawa yana tashi hayaƙi. Ragon na tsaye a gefe yana cin ciyawa hankali kwance. Baffa ya ɗaga kai sama, ya ƙara ɗagawa, bakinsa na motsi, na san tasbihi yake ko da yake ba a jin ko tari a wurin. Yana cikin ɗagawar iska ta ɗauke hular, ta bi sahun takalmi. Na ciro waya zan ɗauki hoto, ashe neman sabis ya cinye cajin tun a hanya. Hoto ɗaya tak muka samu a wayar ɗan jagora, rago a tsakiya ya fito ras, mu uku a gefe ba kawuna.

Da muka komo ƙauyen la'asar ta yi sanyi. Muka tarar da Sienna an fito da ita, an juya kanta, har an wanke mata gilashi. Goggo na zaune kan tabarma cikin matan gari ana hira, bokiti ya koma rabi. Dubulan biyu take biyan kowane mai turi, mai kawo dutse a sa ƙarƙashin taya kuma cincin cikin hannu. Ta dubi Baffa daga tsirarar kai zuwa tsirarar ƙafa, ta ce, "Yaya, an ga ruwan?" Ya ce a tashi mota.

Dokar magariba ta cika, don ko kusa da Hawan Kibo ba mu je ba. A Akwanga muka kwana, rago a ɗaure jikin tagar masauki yana raba dare da kuka. Bayan sallar asuba muka kama hanya. Muna wuce Assop Goggo ta ƙwanƙwasa gilashi da zobe ba ta ce komai ba.

Mun isa Jos an riga an raɗa suna, an raba goro, liman da mahauci na zaune suna duban agogo. Mahaucin ya shafa cinyar ragon, ya ce wannan ya ga duniya, a tanadi itace da yawa. Gaskiyarsa kuwa, har dare naman na gardama da haƙora.

Da hantsi na jiyo Baffa a zaure cikin aron hula da silifas, dattawa sun kewaye shi. Yana cewa yaran yanzu ba su san ƙasarsu ba, shi ne ya matsa aka ratse, yaron nan har yana cewa a wuce. Tsawon ruwan ya kai mita 300 a bakinsa, kafin azahar kuma ya fara haɗawa da damisa.

Ranar komawa, ina duba mai da ruwan mota, ya matso ya rage murya.

"Wannan Matsirgar ta wajen Kafanchan, in an bi ta Kwoi ai hanyar Keffi ce ko?"

Goggo na bayanmu. Ta sauke bokitinta daga mota, ta ce wa auta ya tare mata Keke Napep zuwa tasha.