Ma'abota Muɗala'a a Ƙasar Auduga

Duk wanda ya yi nazarin ahwalin ɗakin karatu na jama'a a wannan yanki namu na Funtua da Malumfashi, inda auduga da masara da dawa suke da hukunci a kan lokacin kowa, zai tarar cewa masu muɗala'a suna bin lissafin manomi ne sau da ƙafa: da damina ta sauka sai kujeru su shiga zawarci, in kuwa bazara ta kama, rana ta tsananta, aka kuma yi sa'a aka kawo wuta, sai ka ga dattawa sun yi sahu ƙarƙashin fanka, kowa da jarida buɗe a gabansa, alhali munshari ya riga ya tona asirin karatun.

Ma'aikacin ɗakin, Allah Ya saka masa da alheri, ba ya gajiya da nasiha. Yakan ce a fara da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, ko Ganɗoki na Malam Bello Kagara, waɗanda gasar rubutu ta 1933 ta haifar, sa'an nan a hau Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Akan karɓa da godiya, a mayar bayan kaka da rasiɗin taki a shafi na biyar, shaidar inda himma ta tsaya. Gara kuwa tuni ta sauke juzu'i na uku, har ta faɗa wa ƙamus, ba ta kuma taɓa neman katin aro ba.