Mutanen da Ke Kewaye da Sabar Hira a Magajiya

Ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Twitter kuwa a lokacin tana rufe a Najeriya tun watan Yunin shekarar. Daga nan samarin da suka taɓa kwamfuta suka fara cewa ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya mallakar dandalin hira nata na kanta. Kuma za ta iya. Manhajojin suna nan kyauta, a buɗe, kowa ya duba cikinsu, kowa ya gyara: Rocket.Chat, Mattermost, Zulip, Matrix, Prosody. Abin da ake buƙata kwamfuta ce guda da ba a kashewa, wadda ake kira saba, sai intanet da adireshi. Aikin yini ɗaya ne. Masu kewaye aikin ne ba a gamawa da su, kuma a Magajiya ta Suleja duk muna da su.

Akwai Injiniya Kwafi. Bai taɓa karanta bayanin manhaja ba, ya ce ɓata lokaci ne. Sai ya buɗe bidiyon wani Ba'indiye a YouTube, ya kwafo umarni, ya liƙa a baƙin allon Ubuntu, ya danna. Idan jan rubutu ya fito, ya ƙara sudo a gaba ya sake dannawa, don a saninsa kalmar maganin kowace cuta ce. Rocket.Chat ba ta tashi sai da rumbun MongoDB, amma shi bai san da wannan ba sai bayan la'asar. Ka tambaye shi ina aka kwana, ya ce saura kaɗan. Tun Asabar saura kaɗan.

A gefensa Mai Aƙida yake zaune, hannu a harɗe. Shi ba ya girka komai, gyaran zance ne aikinsa. Zai faɗa maka Richard Stallman ya soma GNU a 1983, an soma Jabber a 1999, kuma WhatsApp ɗin ma a kan ejabberd aka fara gina ta. Duk gaskiya ne, ba a kama shi da ƙarya. In an zaɓi Matrix ya ce ta yi nauyi, in an koma Prosody ya ce ta yi tsufa. Wa'azinsa kan sharrin WhatsApp yakan kai minti tara, kuma ta WhatsApp yake turo shi.

Sai Alhaji Uban Ƙungiya, mai shago a kasuwar IBB. Da ya ji kyauta ce, ya sa albarka har sau uku. Ƙarshen wata aka kai masa lissafi: hayar saba a ƙasar waje da dala ake biya, adireshin .ng ana sabunta shi duk shekara. Ya cire tabarau ya ce, "Yaro, ba kai ka ce kyauta ba ce?" Aka ce, "Ranka ya daɗe, kamar kyautar akuya ce, dusa a kanka take." Sai ya kawo shawara a ajiye sabar a shagonsa, kan tsohuwar kwamfutar ɗansa. Aka ajiye. Yanzu hirar ƙungiya tana tashi da wuta, tana kwanciya da wuta, ranar Juma'a kuma ana kulle ta tare da shago.

Mai Neman Admin bai san me admin ke yi ba, ya dai san muƙami ne. Aka ba shi don a zauna lafiya. Kafin magariba ya kori ma'aji.

Baba Mai Mantuwa ya fi kowa ban tausayi, ya kuma fi kowa cin rai. An ce ya zaɓi kalmar sirri, ya sa sunan autarsa, ya faɗa da ƙarfi a majalisa don a taya shi riƙewa. Washegari ya buga waya bayan asuba: "Ɗana, abin nan naka ya ƙi ni." Ita kuwa Hajiya Barka-da-Juma'a ba ta mantuwa ko kaɗan. Bidiyon furanni goma kowane mako, da na biki, da na suna, ta cika rumbun da aka yi wa lissafin shekara cikin wata biyu.

Mai Zargi ya ce admin na karanta saƙonnin mutane. Aka yi masa dariya, alhali shi kaɗai ya yi tambayar kirki. Idan ba a kunna kullen saƙo daga waya zuwa waya ba, mai riƙe da saba yana iya ganin komai. Matsalarsa ɗaya: da aka kunna, ya yar da mabuɗinsa, tsofaffin saƙonninsa suka ƙi buɗuwa, ya ce ai dama ya faɗa.

Shi kansa mai girkawar, Malam Gobe, ba tsira ya yi ba. Ajiyar kwafin bayanai, gobe. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kwana 90 take yi, sabunta ta da kanta layi ɗaya ne, shi ma gobe. Ranar da ta ƙare, wayoyi suka nuna gargaɗi, aka ce an yi kutse. Babu wanda ya san ƙofar gidan Zuckerberg mai WhatsApp, amma ta Malam Gobe ko ɗan acaɓa ya sani, kuma ma'aikatan da ke dawowa daga Abuja ta nan suke biyowa su yi sallama.

Mai karatu, in har sai ka girka, kafin ka danna umarnin farko ka sa Alhaji ya biya kuɗin shekara guda cif, a gaban shaidu biyu.