Maraɗi Ba Bayan Kadawa Take Ba

Wani maƙwabcin gonata a Kura ya sayar da shinkafa, kuɗi suka zauna, sai ya ce zai je Maraɗi gaida surukai. Na ce, "Malam, ina fasfo?" Ya ce shi da bakinsa na Hausa, wace takarda kuma? Ai jandarman can ma Bahaushe ne.

Bahaushen ne kuwa. Ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, ya yi masa ban gajiya, sannan ya sauke shi daga mota.

To mutanen Kura da Bunkure, ruwan Tiga ma sai an ɗaga masa ƙofa yake shiga komi. In za ku bi ta Jibiya, ku riƙe fasfo mai sauran kwana, da katin allurar shawara. Ku canji sefa da rana tsaka, ku ƙirga da hannunku. Kada a tsaya yi wa jami'i wa'azin ECOWAS, Nijar ta fice tun Janairun 2025. Katin ƙungiyar manoma kuwa a bar shi gida, na rabon taki ne.

Mutumina dai a Magama, bakin iyaka, tumatirin tsarabarsa ya ruɓe.