Yadda Ake Raɗa wa Ekstenda Suna Ba Tare da Rago Ba

Ka sayo ekstenda, 'yar na'urar nan da ake cusawa a soket ta karɓi Wi-Fi daga rauta ta miƙa shi ɗakin da bango ya tare. Madalla. Sai dai kafin ka fara tunanin sunan da za ka sa mata, ka sani ta zo da nata daga masana'anta. In ta TP-Link ce, za ka ga TP-Link_Extender a jerin Wi-Fi na wayarka. In ta Netgear ce, NETGEAR_EXT. Wannan suna na wucin gadi ne: da shi za ka shiga, ka buɗe tplinkrepeater.net ko mywifiext.net, ka nuna mata Wi-Fi ɗin gidanka, ka ba ta kalmar sirri. A wannan tsakanin yawanci ƙofarta a buɗe take ga kowa, don haka kada ka jona ta ka wuce ɗaurin aure. Zauna ka gama. Mai gaggawa kuma ya danna maɓallin WPS a jikin rauta, ya danna na ekstenda cikin minti 2, su daidaita tsakaninsu.

Da an gama, sai ta ɗauki sunan rauta ta ƙara masa jela. In Wi-Fi ɗinka GidanAlhaji ne, TP-Link za ta haifar maka GidanAlhaji_EXT. Netgear ta fi son yawa, tagwaye take bayarwa, GidanAlhaji_2GEXT da GidanAlhaji_5GEXT. Na farkon yana kan 2.4 GHz, ya fi nisan zango da ratsa bango. Na biyun yana kan 5 GHz, ya fi gudu amma bulo biyu sun isa su karya masa lago. 'Yan ƙananan na Xiaomi kuwa _plus suke liƙawa.

A nan ne maigida yake tsuke fuska. Jelar ba ta yi masa kyau ba, yana son suna ɗaya tal a gidansa, kuma na'urar za ta yarda ya goge ta. Ni dai ina roƙonka, Alhaji, dakata tukuna.

Duk gidan da aka yi wa kaka takwara ya san ɗaya daga dalilan da ake kiran yaron Abba ko Ƙarami: don in an kwaɗa kira a san mai amsawa. Aikin jelar ke nan. Ba rauta ce ke zaɓar inda wayarka za ta kama ba, wayar ce da kanta, kuma waya akwai riƙon amana. In ta kama rauta a falo, ka tashi ka hau bene, za ta ci gaba da maƙale mata da ɗan karan sabis guda, alhali ekstenda na nan gefen gadonka tana haskawa da koriyar fitila ba mai kula ta. In sunayen biyu sun bambanta, dubawa ɗaya za ka gane, ka sauya da yatsanka. In kuwa ka mayar da su ɗaya, bidiyo ya tsaya yana juyi, Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, wai ina amfanin abin nan da ka sayo?", ba ka da amsa, don kai ma ba ka san wacce ka kama ba.

Suna ɗaya yana da ranarsa. In rauta da ekstenda suna jin yaren juna, kamar OneMesh na TP-Link, ko EasyMesh da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da shi a 2018, to suna iya zungurar wayar ta koma inda sabis ya fi ƙarfi. Nan ka goge jela hankali kwance. Duba bayan kwali, a rubuce yake. In babu, bar ta.

In kana son gyara, gyara mai amfani shi ne ka sa sunan wuri. GidanAlhaji_Sama, GidanAlhaji_Zaure, GidanAlhaji_SashenYara. Ko Inna da ba ta damu da waya ba za ta san na zaure ba na ɗakinta ba ne. Kalmar sirri kuma ka bar ta iri ɗaya da ta rauta, kada ka ɗora wa mutanen gida haddar biyu.

Kada dai ka zuba kirari. Gurbin suna bai wuce haruffa 32 ba, jela ma a ciki take, don haka GidanAlhajiSarkinYaƙiMaiTakobinAzurfa ba zai shiga ba. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne gurbi biyu yake ci, kuma tsohuwar talabijin ko firinta tana iya nuna su a matsayin tarkace, ko ta ƙi ganin sunan gaba ɗaya. Babban baƙi da ƙarami ma ba ɗaya ba ne wurin na'ura: Gida daban, gida daban. Lambar wayarka kuwa ko ta gida kada ta shiga, duk mai wucewa a layi yana karantawa.

Ranar da ka sauya suna ko kalmar sirri a rauta, ka tuna da ekstenda. Ita tsohon sunan take nema, ba za ta same shi ba, amma sau da yawa za ta ci gaba da nuna nata sunan da sabis cike fal, babu intanet ko ɗigo. Yara su ce data ta ƙare, a tura a sayo wata. Nemo tsinken sakace, ka danna ɗan ramin nan na sake saiti har fitila ta ƙifta, ka sake haɗa su daga farko. Kuma in ka ƙaro ta biyu, haɗa ta da rauta kai tsaye. In ka haɗa ta da 'yar'uwarta, GidanAlhaji_EXT_EXT za ka samu, kuma ekstenda mai zango guda, wadda ba ta haɗa 2.4 da 5 GHz ba, kusan rabin gudu take cinyewa a kowace miƙawa.