Mu Mutanen Zakka da "Bari Mu Gani Zuwa Gobe"

Ranar nan bayan la'asar muna zaune gindin bedi, mai shayi yana ta fifita gawayi, sai ga wani maƙwabcinmu ya iso dafe da idon hagu. Aka yi masa sannu, aka matsa masa a benci. Ya ce tun asuba da ya fito alwala yake ganin kamar an saki labule daga gefen idon, ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige kamar ƙudaje suna ta yawo. Jiya da dare ma ya ga walƙiya, alhali ko gajimare babu a sama. Zafi kuwa babu, ƙaiƙayi babu.

Kafin ya rufe baki majalisa ta koma asibiti. Wannan ya ce rana ce ta doke shi a gona. Wancan ya ce jini ne ya hau, ya sha zoɓo ba sukari. Wani matashi ya ce akwai wani ɗigo a kemis, kwalba ɗaya ta isa. Wani dattijo ya ce a zamaninsu kwalli ne maganin komai. Shi kuwa mai idon ya karɓi shayinsa ya ce, "Tunda ba ya ciwo, bari mu gani zuwa gobe."

Wannan magana tamu ce, daga Zakka har Runka da Tsaskiya, har ka fita Batsari. Akuya ta ƙi kiwo, kafin magariba mun nemo malamin dabbobi. Babur ya fara tari, mun tura shi wajen bakanike. Amma ido, da shi muke ganin akuyar da babur ɗin, sai mu ba shi kwana uku, mu ƙara masa mako, sai ya rufe mu fara neman kuɗin mota.

Akwai wani kawunmu a majalisar da ya daɗe yana aikin asibiti kafin ya yi ritaya. Duk surutun nan bai ce uffan ba. Sai da ya ji maganar gobe ya ajiye kofinsa.

"Ɗana, da mi za ka gani goben in idon ya tahi?"

Kowa ya yi tsit. Kawu ya ce can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani mai ɗaukar hoton duk abin da muke kallo. Wani lokaci yakan yage ya ɗaye, kamar yadda yaɓe ke rabuwa da bango. Walƙiya da ƙudajen nan su ne sallamarsa, labulen kuma shi ne ɗayewar. Ba ya zafi, shi ya sa yake yaudararmu. Ɗigo ba ya kai wa can, kwalli ba ya kai wa. Aiki ne na likitan ido mai tiyata, kuma kowace rana da aka ƙara, labulen yana matsowa tsakiyar gani.

Mai shayi ya ce, "To Kawu, mu duk wanda ya sa farar riga dokta muke ce masa. Wa za mu nufa ke nan?"

Kawu ya ce nan ne muke ɓata, don ƙofofin ba ɗaya ba ne. Akwai mai gwajin ido, wanda ke sa ka karanta allo, ya auna ƙarfin ganinka da hawan ruwan ido, ya rubuta maka tabarau. Idan shekaru sun ja, rubutun Alƙur'ani ya fara yi maka ƙanana, ko zare ya daina shiga allura, wajensa za ka. Akwai mai yanka gilashi ya haɗa tabarau, shi abin da aka rubuta yake bi, ba ya duba ciwo. Akwai nas mai horon ido, da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, su ne mafi kusa da mu, suna wanke ido, su ba da maganin ƙananan ciwo, su rubuta takardar tura ka gaba. Sai likitan ido, wanda ya gama karatun likita ya ƙara shekaru a kan ido kaɗai. Shi ke tiyata.

"Ku riƙe wannan," in ji shi. "Ganin da ya ragu sannu a hankali, ana iya sa masa rana. Ganin da ya ɗauke farat ɗaya, ranarsa yau ce."

Daga nan hira ta ɓarke, kowa yana kawo nasa. Wani ya tuna innarsa da ta kwana da ciwon kai mai tsanani, ido ya yi ja, tana amai, tana ganin zobe-zobe kewaye da fitila. Aka ce zazzaɓi ne, aka yi ta ba ta maganin maleriya. Kawu ya ce wannan hawan jinin ido ne mai zuwa da gaggawa, ruwan ido ne ya toshe ya danne jijiyar gani, kuma abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa. Wani ya ce shi yayansa ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, aka yi hamdala aka bar maganar. Kawu ya girgiza kai. Ya ce idan gani ya ɗauke ko abu ya zama biyu-biyu, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, to ba a tsaya neman mai tabarau. Sashen gaggawa na babban asibiti ake nufa, don shanyewar ɓarin jiki ce take ƙwanƙwasa ƙofa. Haka mai tsohon ciki da ta ce tana ganin dishi-dishi, ga ciwon kai, ga kumburi: a kai ta ɗakin haihuwa a auna jininta kafin jijjiga ta kama ta.

Sai maganar gona, wadda ta fi shafarmu. Lokacin feshi magani kan fantsamo a ido, magina na fama da siminti, ga gamsheƙa mai tofi a rumbu da kangaye. Nan maganin farko yana gidan kowa: ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara a buɗe ido, minti 20 ko fiye, sannan a tafi asibiti. Amma idan kara ne ya soki ido lokacin girbi, ko ƙarfe ya fallatsa wajen maƙeri, ba a murzawa, ba a zaro komai, ba a bari wani ya sa harshe ko tsinke. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon a ɗaure, a kama hanya. Yawancin hakiyar da muke gani a idon manoma daga ƙaramin karce ta fara.

Wata tsohuwa da ke tuyar ƙosai kusa da mu ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ka faɗa masu na afolo." Aka yi dariya, don kowa ya san abin da muke yi. Da ido ya yi ja sai mu ce afolo ne, sunan da ciwon ya samo tun 1969, da annobarsa ta ɓulla a Ghana daidai lokacin da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata. Sai a ɗiga ruwan sukari, ko nonon uwa, ko ruwan batir, har da fitsari. Afolo na gaske yakan wuce da kansa, abin da muka ɗiga ne ke makantarwa. Ɗigon kemis ma akwai irin wanda ke kwantar da ja cikin kwana ɗaya, amma in akwai miki a ƙwayar ido sai ya zurfafa shi, in aka daɗe ana sa shi kuma ya jawo hawan jinin ido.

Sai masu kwantar da yana da ke zagayawa ranar kasuwa. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya karewa ko warkarwa ne. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43. Kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, kwantar da ita aka yi ta gargajiya, kuma sama da bakwai cikin goma na waɗannan idanu a makance aka same su. Alhali cire yana a asibiti ɗan gajeren aiki ne.

Ba wai ba mu da uzuri ba. Kuɗin mota ya yi tsada, kuma duk wanda ke zaune kusa da dajin Rugu ya san hanya ba ta biyuwa da dare. Amma wannan dalilin sauri ne, tun rana na sama. Babban asibiti yana Dutsin-Ma, akwai na Batsari. A Katsina akwai asibitin ido na jiha da Asibitin Koyarwa na Tarayya. In abu ya fi ƙarfin nan, ga asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Matambayi ba ya ɓata.

Abu ɗaya dai mun iya shi, ba sai an koya mana ba. Kawu ya cire hularsa ya jefa abin da ke aljihunsa, hula ta zagaya. Mai shayi ya zuba cinikinsa na yamma, tsohuwar nan ta kwance bakin zane. Matashin da ya kawo shawarar kemis shi ya tayar da babur. Aka shirya su kwana Dutsin-Ma wajen dangi, da sassafe su wuce Katsina.

Maƙwabcin namu ya hau, har yanzu dafe da idon, ya juyo ya ce, "Kawu, gonar fa? Gobe nike son tada gero."

Kawu ya ce, "Tahi, ɗana. Gero shina iya jiran gobe, mu za mu yi maka gayya. Allah shi ba ka lafiya."

Muka amsa da amin, muka bi su da kallo har ƙurar babur ta kwanta.