Bokitin Ayaba a Kurmin Asante

Ɗan yayata ne ya jawo mini. Yana karatun ilimin ƙwari a jami'a, da ya ji zan je Kumasi gai da wani tsohon abokin cinikina na goro, sai ya lallaɓo da murya mai sanyi ya ce, "Kawu, ka tafi da ni mana." Wai akwai wani kurmi da ake kira Bobiri, kusa da ƙauyen Kubease a kan hanyar Kumasi zuwa Akara, inda aka ƙidaya malam-buɗe-littafi wajen iri 400. Ya nuna mini takardar izinin kamu, har da hatimi. Na ce yaro mai neman ilimi ai ba a tare masa hanya.

Mun sauka a zango, gidan Alhaji abokin nawa, aka karɓe mu da kaji. Washegari yaron ya shiga kasuwar Kejetia ya dawo da ayaba wadda mai ita ke shirin zubarwa, baƙa wuluk, ƙudaje na rakiya. Ya ce manyan malam-buɗe-littafin kurmi, irin su Charaxes, ba ruwansu da fure. Ruɓaɓɓen 'ya'yan itace suke so, da kashin dabba, da mushe. Masu sana'ar kan kwaɓa ayabar da bammi. Na ce bammi ba zai shiga gidan Alhaji ba ina raye. Ya ce ba komai, sukari da yis ma sun isa. Ya dama a bokiti, ya rufe, ya tura ƙarƙashin gadona. Abin da bai gaya mini ba shi ne sukari da yis in sun kwana cikin zafi, inda bammi ya je nan suke zuwa.

Hajiya ce ta fara jin warin. Bayan sallar magariba Alhaji ya ja ni gefe, ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Malam, mun daɗe tare. Idan jarrabawa ce ta same ka a wannan shekarun, ka faɗa mini mu sa a yi addu'a." Na rantse masa abincin malam-buɗe-littafi ne. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakina, ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Daga ganin fuskarsa, da na ce giya ce da hankalinsa ya fi kwanciya.

A motar haya ni aka ɗora wa bokitin a cinya, don yaron na riƙe da raga da tarkuna. Muna faɗawa wani rami murfin ya yi tsalle. Ban iya yaren Asante ba, amma duk abin da fasinjojin nan suka faɗa na fahimce shi.

Kurmin kuwa, a gaskiya, abin kallo ne. Itatuwa sun yi sama har sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu, ƙasa duhu da rana tsaka, iska jiƙe. Muka rataye tarkunan: raga ce doguwa a ɗinke, da faranti a ƙasa inda ake zuba kwaɓin. Ƙwaron ya shigo ta ƙasa ya sha, in zai tashi sama yake nufa, sai ya maƙale. Ba a jima ba suka fara sauka. Charaxes ƙato ne mai kaurin ƙirji, in yana tashi ido ba ya bin sa, kuma a bakin faranti ture 'yan uwansa yake yi da gefen fiffike. Amma da ya sha ya ƙoshi sai ya yi laƙwas, yaron ya sa yatsa biyu ya ɗauke shi ba gardama. Na tsaya ina kallon halitta mai wannan kyau, shuɗi da ruwan goro, ta bugu da abin da ya kusa raba ni da Alhaji.

Da muka isa bakin wani rafi sai yaron ya fara sosa ƙeya. "Kawu, in ba damuwa, ko za ka ɗan kama ruwa a kan yashin nan?" Wai mazan suna neman gishiri, shi ya sa suke taruwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma fitsari ya fi komai jawo su. Na tambaye shi ko uwarsa ta san abin da ake koya masa. Ba a kai ga haka ba ma, gumin da ya jiƙa mini riga ya wadatar, sai ga su a kafaɗata da bayan wuyana, yaron na cewa kada in motsa yana ɗaukar hoto.

Tun a mota ya cika mini kunne da labarin Papilio antimachus, wanda ya fi kowane malam-buɗe-littafi girma a Afirka, faɗin fikafikansa kan kai santimita 23, kuma can ƙololuwar itatuwa yake zama. Don haka da na hango wani babba ya gifta, ban yi shawara da kowa ba, na fizge ragar na bi shi. Na tsallake kututture, na kutsa sarƙaƙiya, na kai masa wawura, Allah ya ba ni sa'a. Ina tsaye ina kiran yaron ya zo ya ga aikin manya, ashe a tsakiyar layin kwarkwasa na tsaya. Wanda bai san kwarkwasa ba ya gode wa Allah. Ba ta cizo tun daga ƙafa. Sai ta hau a hankali ta kai inda ba a faɗa, sannan a fara. Magani ɗaya ne, a tuɓe wando. Na tuɓe. A daidai lokacin ne wani malami ya ɓullo da ɗalibansa 'yan firamare, sun zo yawon buɗe ido, cikin layi, kowa da littafinsa.

Yaron ya leƙa ragar ya ce, "Kawu, wannan ai Papilio demodocus ne. Shi ne tsutsarsa ke cinye ganyen lemon tsakar gidanka a Kano."

Da dare aka koma kan faɗa-wuta, waɗanda ya ce yawan irinsu a duniya ya ninka na malam-buɗe-littafi wajen sau tara. Ana bukatar farin ƙyalle da fitila mai haske. Zanen gadon masaukinmu na ƙauyen mai furanni ne, saboda haka ina wanka ya zare farar shaddata ta Juma'a ya shanya a igiya. Na fito na tarar da ita ta yi baƙi da ƙwari, manya da ƙanana, wasu da ƙahonni kamar gashin kaza. A nan ya koya mini bambancin: na rana ƙahonsa da ɗan ƙulli a ƙarshe, na dare galibi babu. Garin fikafikansu har yau bai fita daga wuyan rigar ba.

Gane sunayensu shi ne wahalar ƙarshe. Ya buɗe littafin wani Bature ɗan Denmak, Torben Larsen, wanda ya fito a 2005 da iri kusan 1,500 na Afirka ta Yamma. Akwai wasu ƙanana masu launin ƙasa, Bicyclus, da na rantse duk abu ɗaya ne. Ya ce a'a, wasunsu sai an duba al'aurar namijin a madubin likita ake rabe su. Na ce ya rufe littafin haka nan.

Kowane ƙwaro ya naɗe shi a 'yar takarda mai kusurwa uku, ya jera a kwali. Kafur ɗin da zai zuba ciki ya manta shi a zango. Da safe muka buɗe, kiyashi sun yi walima, ba abin da ya rage sai ƙafafu da gari. Guda ɗaya ya tsira, wanda na jefa cikin jakar kayana don haushi. Yanzu haka yana cikin akwatin gilashi a sashensu, an soke shi da allura, da 'yar takarda a ƙasa mai ɗauke da wuri da kwanan wata da sunan wanda ya kama. Sunana ne a jiki, ƙarƙashin maƙiyin lemo.