Tumbin Alhaji da Allurar Denmak

Na san abin da za ku ce, Haɗejawa, tun kafin in rufe baki: "Wannan Bakatsinen ya rasa abin rubutawa ne? Muna fama da ambaliya da tsadar taki, ina ruwanmu da maganin rage ƙiba?" To ku nutsu, ubangidanku ne ke magana. Ba wanda ya musa cewa akwai ƙauyukan da tamowa ke cin yara. Amma ku zaga kasuwar kifi ku dubi manyan dillalai, ku leƙa wurin masu sarin shinkafa da riɗi da suka bar gona suka koma kan benci. Babbar riga tana rufa asiri a ɗaurin aure, ba ta rufawa a gaban mai awon jini. Tumbin da kuke kira alamar hutu shi ke rako hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa.

Maganin da duniya ke ta surutu a kai allura ce, sau ɗaya a mako. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya fito da ita da sunan Ozempic don masu suga, Amurka ta amince da ita a 2017. Sai aka ga masu yin ta suna ramewa, aka ƙara mata ƙarfi, ta fito da sunan Wegovy a 2021 don ƙiba. Ba narka kitse take yi ba. Tana kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke saki bayan cin abinci, ta ce wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ta kuma sa abinci ya daɗe a ciki. Mai tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa sai ya tsaya a ɗaya, uwargida ta fara zargin ko ya ci a wani gidan.

"Ƙaryar Turawa ce!" Na ji ku. Jikokin waɗanda suka tsaya wa Bature a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada ba za su haɗiyi maganarsa ba tauna ba. Kuma a nan kuna da 'yar gaskiya, ko da yake ba na son faɗa. An janye maganin rage ƙiba fen-fen a 1997 don yana lalata ƙofofin zuciya. An janye ɗan'uwansa sibutiramin a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Dukansu likitoci ne suka rubuta su.

Sai dai wannan karon an yi awo sosai. A gwajin da aka buga a 2021, mutum 1,961 aka bi har mako 68. Waɗanda aka yi wa allurar sun zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa ta wofi kuwa kashi 2 da 'yan kai. Mai kilo 100 ya koma 85 ke nan. A 2023 wani gwajin na mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya ya nuna haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki ya ragu da kashi 20. Musu ba ya goge wannan, Malam.

Yanzu bari in ba ku abin da za ku rama da shi. Tana sa tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin ciki, musamman a farko. Wasu kan samu tsakuwa a matsarmama, 'yan kaɗan kuma kumburin gaɓar da ke samar da insulin, wanda ba ciwon wasa ba ne. Mai ciki ba ta yi, mai neman ciki ma sai ta daina da wata biyu. Sannan ƙiba halin ciyawar kacalla gare ta, wadda kuka fi kowa sani a Baturiya: ka yanke, ka juya baya, ta toshe hanyar ruwa. Waɗanda suka daina allurar, cikin shekara guda kashi biyu bisa uku na abin da suka zubar ya dawo. Kuɗi kuwa, a Amurka ta fito a kan sama da dala 1,300 a wata, a nan mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Ga ta da son firji, ga zafin Haɗejiya a watan Afrilu. Ga kuma jabu: a Ostiriya a 2023 an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi ta bogi da aka cika da insulin, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024.

Amma wai ku ne masu taka-tsantsan? Hajiya, wa ya saya wa amarya sha-ka-fashe don ta cika ido ran biki? Yawancinsa deksametason ne, kumburi yake sawa, ya ta da suga, ya cinye ƙashi. Bayan haihuwa uku kuma a koma kemis a nemi shayin rage tumbi, alhali a ƙasashe da dama an sha kama irin waɗannan shayin da sibutiramin ɗin da aka haramta a ɓoye a ciki. Mai kemis bai taɓa jin kun tambaye shi mutum nawa aka gwada a kansu ba. In dai an ce na ganye ne, shi ke nan, a kaɗa a shanye.

Allurar ma ba ta kowa ba ce, likita ke rubuta ta bayan ya haɗa nauyi da tsawo, kuma ba ta ɗauke wa mutum rage cima da tattaki. Mai tsawon mita 1.7 da ya kai kilo 87 ya shiga layi, mai suga ko hawan jini tun kafin nan. Sikelin awon riɗi yana nan a kasuwa. Alhaji, bismillah, hau. Lambar kuwa Bakatsine ne zai karanta, don ba mu yarda ku karanta da kanku ba.